SHARAR BUTUTUN HAYAƘI: KARIYA GA GIDA DA SANA'A

Gabatarwa

Tun kafin kiran sallar asuba, a unguwar Umarari ta birnin Maiduguri, kamar yadda yake a sauran unguwannin birnin, masu gidajen burodi sun riga sun cika tanderu da faskare, sun hura wuta. Kafin hantsi, masu dafa abincin sayarwa da masu turara shinkafa da masu bandar kifi su ma sun ɗora nasu. Kusan duk wannan aiki da itace ake yinsa, haka kuma girkin makarantun kwana da na asibitoci da yawa a ƙasar nan. Dogaro da itace ya daɗa ƙaruwa a Maiduguri a shekarar 2021, sa'ad da aka lalata turakun wutar lantarki da ke tsakanin Damaturu da birnin, jama'a suka yi watanni cikin duhu. Tsadar makamashi da ta biyo bayan janye tallafin man fetur a 2023 ta sake mayar da gidaje masu yawa kan murhun itace.

Duk inda aka ƙona itace dole hayaƙi ya tashi. Saboda haka ne ake ƙarfafa wa jama'a gwiwa su yi amfani da murhu da tanderu masu bututun hayaƙi, watau mafitar da ke kwashe hayaƙin ta kai shi sama da rufi. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, wadda ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta daɗe tana ƙera irin waɗannan ingantattun murahu, kuma a watan Maris na 2024 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da manufar ƙasa ta girki mai tsabta. Amma kafa bututu rabin aiki ne. Bututun da ba a sharewa yakan toshe, ya mayar da hayaƙi ɗaki, wata rana kuma shi da kansa ya kama wuta. Manufar wannan ɗan littafi ita ce bayyana wa jama'a dalilin haka, da yadda ake share bututu da buroshin da ya yi daidai da shi.

Yadda Bututu Ke Aiki

Iska mai zafi ba ta kai mai sanyi nauyi ba, don haka takan tashi sama. Idan aka hura wuta, hayaƙi mai zafi ya cika bututu ya hau, sai ya jawo sabuwar iska ta bakin murhu. Wannan sabuwar iska ita ke ciyar da wutar. Ke nan bututu aiki biyu yake yi a lokaci guda: yana fitar da hayaƙi, yana kuma zuƙo wa wuta iska. Idan hanyarsa ta matse, ayyukan biyu za su lalace tare.

Bututun da ake gani a ƙasar nan iri uku ne. Akwai na kwano ko na ƙarfe zalla, wanda masu walda da maƙera ke naɗewa, wanda aka fi sa wa murhun gida da na masu sayar da abinci. Akwai na gini, wanda magina ke tayarwa da jan bulo, bakinsa mai kusurwa huɗu, kamar na yawancin tsofaffin gidajen burodi. Na uku shi ne na gini wanda aka zura wa wani bututun a cikinsa, na ƙarfe ko na gasasshen yumɓu. Wannan na ciki shi ne hayaƙi ke bi, ginin kuwa riga ce kawai. Amfaninsa shi ne hana hayaƙi da zafi ratsa tsagar gini su kai ga katakon rufi. A irin wannan bututu, na cikin ake aunawa, shi kuma ake sharewa.

Abin Da Ke Taruwa A Ciki

Itace ba ya ƙonewa ƙurmus. Hayaƙinsa na ɗauke da tururin ruwa, da baƙin gari, da wani maiƙo da wuta ba ta cinye ba. Muddin hayaƙin na da zafi sosai, waɗannan abubuwa za su fice tare da shi. Amma idan ya huce a hanya, ya sauka ƙasa da kimanin digiri 120 a ma'aunin Salshiyas, sai maiƙon ya koma ruwa ya manne wa bangon bututu, kamar yadda tururi ke zama ruwa a ƙarƙashin murfin tukunya. Shi ya sa dauɗa ta fi yawa a can sama kusa da baki, inda bututu ya fi sanyi, da kuma a gwiwa, inda hayaƙi ke rage gudu.

Wannan dauɗa mataki uku gare ta. Da farko kunkunniya ce, baƙin gari mai laushi irin wanda ake gani a rufin madafa. Buroshi na kwashe ta ba tare da wahala ba. Idan aka bar ta, sai ta zama ɓawo mai ƙyalli, mai ɓarewa kamar ƙanzo. Shi ma buroshi mai tauri na iya kankare shi, amma sai an yi gumi. Mataki na uku shi ne sa'ad da ta zama kwalta, ko mai danƙo, ko wadda ta daskare ta yi santsi kamar gilashi. Wannan buroshi ba ya cire ta, sai dai ya zame a kanta. Sau da yawa maganin bututun kwano da ya kai wannan matsayi shi ne a sake sabo. Mai hikima ba ya barin dauɗa ta wuce mataki na farko.

Abubuwan da ke gaggauta taruwarta sanannu ne. Babba daga cikinsu shi ne ɗanyen itace, domin itacen da aka sare yanzu kusan rabin nauyinsa ruwa ne, wutar kuwa sai ta ƙone ruwan kafin ta yi zafi. Na biyu shi ne danne wuta, watau a cika murhu da gungume a toshe masa iska don ya daɗe yana cin-ciki. Na uku shi ne ƙona abin da ba itace ba, kamar leda da roba da tsohuwar taya da baƙin mai da katako mai fenti. Baya ga waɗannan, bututun da aka daɗe ba a hura masa wuta ba, tsuntsaye kan yi sheƙa a cikinsa, zanzaro kuma ya yi gini.

Haɗarin Barin Bututu Ba Shara

Haɗari na farko asarar itace ne. Alal misali, a ɗauki bututu mai faɗin inci 6. Idan dauɗa mai kaurin rabin inci ta kewaye shi, faɗin da ya rage inci 5 ne. A ido ragin bai taka kara ya karya ba, amma a lissafi kusan kashi ɗaya bisa uku na hanyar hayaƙi ya tafi. Idan kaurin ya kai inci ɗaya, abin da ya rage bai kai rabi ba. Daga nan wuta za ta riƙa yin nawa, tanderu ya ƙi ɗaukar zafi, mai sana'a ya yi ta ƙara faskare yana zargin mai sayar da itace, alhali kuwa laifin na bisa kansa. A wuri kamar Borno, inda masu shiga daji neman itace suka sha sayar da rayukansu a shekarun rashin tsaro, kuma hamada ke matsowa, ɓarnar itace ba ƙaramin abu ba ce.

Na biyu cuta ce. Hayaƙin da ya rasa hanya cikin ɗaki yake dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya, cikinsu har da yara fiye da 237,000 'yan ƙasa da shekara 5. Ciwon huhu da tari mai naci da ciwon zuciya da ciwon ido suna cikin abin da hayaƙi ke jawowa, mata masu girki da yaran da ke goye a bayansu su ne kan gaba wajen shaƙa. Har ila yau akwai wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, wadda wuta ke fitarwa idan ba ta sami isasshiyar iska ba. Ba ta da launi, ba ta da wari. Alamunta ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala. Ma'aikatan gidan burodi da ke kwana kusa da tanderu lokacin sanyi, ƙofa a rufe, suna iya yin barcin da ba tashi. Idan mutum biyu ko uku a wuri ɗaya suka kama ciwon kai tare, kuma suka ji sauƙi da fitarsu waje, to lalle a kashe wuta a duba bututu.

Na uku gobara ce. Kwaltar da ke cikin bututu makamashi ce. Ranar da aka hura wuta mai ƙarfi, ko tartsatsi ya hau, sai ta kama. Zafin irin wannan wuta na iya wuce digiri 1,000, wanda ya isa ya tsaga bulo, ya lanƙwasa kwano, ya kunna katakon da ke kusa. Bakin bututu kuma ya riƙa watsa garwashi a kan rufin maƙwabta. A unguwa mai cunkoso kamar Umarari, inda gida ke jingine da gida, ga zana, ga rumfa, ga tarin itace, iskar hunturu kaɗan ta isa ta mayar da gobarar gida ɗaya ta zama ta layi guda. Mutanen Maiduguri ba su manta da irin dukiyar da wuta ta lashe a Kasuwar Litinin a watan Fabrairu na 2023 ba. Ko mene ne mafarin gobara, ƙarshenta ɗaya ne.

Darasi Daga Ƙasar Ingila

Ƙasashe masu tsananin sanyi sun daɗe da sanin wannan matsala. A Ingila ta dā, ƙananan yara marayu da 'ya'yan talakawa ake turawa cikin bututun gidaje su kankare dauɗa da hannu. Wasu suka maƙale suka mutu, wasu hayaƙi ya shaƙe su. A 1775 wani likita na birnin Landan mai suna Percivall Pott ya lura cewa masu wannan sana'a na yawan kamuwa da ciwon daji a fatar maraina, saboda kunkunniyar da ke daɗewa a jikinsu ba wanka. Wannan na cikin karo na farko da aka gane cewa sana'a na iya jawo ciwon daji. A 1803 wani mai suna George Smart ya ƙera buroshi mai sanduna da ake haɗawa ɗaya bayan ɗaya, wanda ke isa ƙarshen bututu ba tare da mutum ya shiga ba. Duk da haka sai a 1875 aka yi dokar da ta kawo ƙarshen tura yara. Darasin da ke ciki biyu ne: kada a tura yaro ko almajiri cikin bututu kome faɗinsa, kuma duk wanda ya yi shara ya yi wanka da sabulu nan take.

Zaɓen Buroshi

Yadda takalmi yake ga ƙafa, haka buroshi yake ga bututu. Idan ya yi ƙanƙanta, zai hau ya sauko ba tare da gashinsa ya taɓa bango ba. Mai shara zai ga ɗan baƙin gari ya zubo, ya ɗauka aiki ya yi, ya koma ya hura wuta hankali kwance, alhali ɓawon na nan daram. Wannan ya fi rashin shara muni, domin wanda bai share ba ya san bai share ba. Idan kuma buroshi ya yi girma, zai shiga da ƙyar, gashinsa ya kwanta ta gefe ɗaya, sa'an nan ya ƙi juyowa. A wajen fizgo shi ne ake tsinke igiya, ko a zare gaɓar bututu a wurin da ido ba ya gani, hayaƙi ya sami hanyar shiga cikin silin.

Saboda haka kafin a sayi buroshi ko a ba da aikinsa, a lura da abu uku.

1. Faɗi. A auna cikin bututu, ba bayansa ba, daga bango zuwa bango ta tsakiya, bayan an kankare dauɗar da ke bakin. Wanda ba shi da tef na awo ya yanki kara daidai faɗin cikin, ya tafi da shi kasuwa. Idan bakin mai kusurwa huɗu ne, a yanki kara biyu, na tsawo da na faɗi. A auna sama a auna ƙasa, domin wani bututun kan tsuke a hanya, kuma wuri mafi matsi shi ne abin lura. Bututun ƙarfe buroshi mai faɗinsa daidai yake so: mai inci 6, watau milimita 150, buroshi mai inci 6, mai inci 8, watau milimita 200, buroshi mai inci 8. Na bulo yana ɗaukar buroshin da ya ɗara shi da rubu'in inci zuwa rabin inci, saboda bangonsa na da kaushi da ramuka.

2. Siffa. Kewayayyen bututu, kewayayyen buroshi. Mai kusurwa huɗu, buroshi mai kusurwa huɗu. Kewayayyen buroshi ba ya isa lungunan bututun gini, a nan kuwa dauɗa ta fi kwanciya.

3. Irin gashi. Buroshin waya na bulo ne da gasasshen yumɓu. Bututun kwano da na ƙarfen nan mara tsatsa buroshi mai gashin roba mai tauri ya dace da su. Waya takan karce ƙarfe, karcen ya riƙe dauɗa ya kuma buɗe wa tsatsa ƙofa, kwano mara kauri ma tana iya huda shi. Haka kuma inda bututu ke da gwiwa, buroshin roba ne ke iya lanƙwasa ya wuce.

Inda ba a sami na kanti ba, maƙeri ko mai walda na iya haɗa shi, muddin an kai masa awo. A gaya masa ya sa zobe a kowane kai, na sama da na ƙasa, don ɗaura igiya. Kafin a fara aiki a gwada shi a bakin bututu. Buroshin da ya yi daidai zai shiga da ɗan turi na hannu ɗaya, a ji gashinsa na karta ta kowane gefe, kuma idan aka jawo shi zai juyo ba tare da kokawa ba. Idan ya faɗa da kansa, ya yi ƙanƙanta. Idan sai an danna da hannu biyu, ya yi girma, a rage gashin kaɗan-kaɗan a kewaye. Kada a yi amfani da dunƙulen tsumma ko reshen ƙaya ko sarƙa a madadin buroshi. Tsumma da ƙaya kan maƙale, sarƙa kuma tana fasa bulo da yumɓu.

Yadda Ake Shara

Kayan aiki su ne buroshi, da sanduna masu haɗuwa ko igiya mai ƙarfi wadda ta ninka tsawon bututu, da tsani mai kyau, da tocila, da ƙaramin madubi, da bokitin ƙarfe mai murfi, da tsohon buhu, da takunkumin rufe hanci da baki, da tabarau, da safar hannu. Aikin na mutum biyu ne, manya.

1. A kashe wuta a bar murhu ya kwana ya huce. A kwashe toka da garwashi duka. Tanderun burodi na riƙe zafi fiye da yini guda, don haka a sa hannu a bango a tabbata.

2. A fitar da abinci da fulawa da kwanukan gashi da ruwan sha. A rufe bakin murhu da jiƙaƙƙen buhu don kada ƙura ta cika ɗaki. Idan akwai marfin rage iska a cikin bututu, a buɗe shi gaba ɗaya.

3. A zaɓi safiya wadda ba iska, ba ruwa. A kafa tsani a ƙasa mai tauri, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya hau. A kan rufin kwano a taka layin ƙusoshi, inda katako yake a ƙasa. A dubi inda wayar lantarki ta bi kafin a ɗaga sandar ƙarfe.

4. A cire hular bututu a goge ta, musamman ragar da ke jikinta. A haska tocila a ga ko akwai sheƙa ko ginin zanzaro, a cire su tukuna.

5. A zura buroshi daga sama. A goge kimanin ƙafa 3, watau mita ɗaya, sama da ƙasa sau da yawa, sa'an nan a ƙara sanda a ci gaba, har a ji buroshi ya saki, alamar ya isa ƙasa. Idan sandunan masu murɗawa ne, kullum a riƙa juya su zuwa dama. Juyi zuwa hagu zai kwance gaɓa, buroshi ya rage a ciki.

6. Inda babu sanduna, a ɗaura igiya a zobe biyun nan. A saki ɗaya da ɗan nauyi har ta isa hannun na ƙasa. Na sama ya ja, na ƙasa ya ja, bi da bi, daga baki har gindi, sau uku ko huɗu.

7. Inda hawa rufi ke da haɗari, a yi sharar daga ƙasa da sanduna masu lanƙwasa, ta ƙofar shara ko ta cikin murhu. Gajeren bututun kwano kuwa gara a kwance shi gaɓa-gaɓa, a sa wa kowace alama da alli, a fitar da su fili a goge, a mayar yadda suke.

8. A dakata ƙura ta lafa, sa'an nan a kwashe abin da ya zubo, har wanda ya taru a gwiwa da bayan marfin iska. Dauɗar da aka kankaro aka bari a gindin bututu ta fi kusa da wuta fiye da dā.

9. A sa madubi a ƙasa a haska tocila, a duba bango. A nemi tsaga, da hujin tsatsa, da gaɓar da ta zare, da kwalta mai ƙyalli. Idan an ga ɗaya daga cikinsu, kada a hura wuta sai magini ko mai walda ya gyara, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

10. A mayar da hula. A ƙona 'yar takarda a bakin murhu: idan hayaƙinta ya miƙe cikin bututu, aiki ya yi.

Kunkunniya ba toka ba ce, kada a zuba ta a lambu ko a kwata. A binne ta nesa da rijiya. Mai shara ya wanke tufafinsa dabam, ya yi wanka kafin ya ci abinci.

Yaushe Ake Shara?

Ƙa'idar da masu wannan sana'a ke bi ita ce: da zarar kaurin dauɗa ya kai milimita 3, watau ɗaya bisa takwas na inci, lokacin shara ya yi. Ana ganewa ta hanyar karce bangon ciki da ƙusa. Idan kwalta mai ƙyalli ce, ba a jiran ta kai haka. Gidan burodi da madafar makaranta, inda wuta ke ci kullum, ya kamata su duba kowane mako biyu, su share duk wata. Murhun gida a duba shi wata-wata, a share shi aƙalla sau biyu a shekara: a watan Oktoba, bayan an gama ƙona jiƙaƙƙen itacen damina kuma kafin iskar hunturu ta taso, da watan Mayu, kafin ruwa ya sauka. Masu burodi su ƙara da shara kafin azumi da kafin salla, lokacin da aiki ke ninkuwa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ginin da ya sha ruwa, kamar waɗanda ambaliyar madatsar Alau ta shafa a watan Satumba na 2024, yana bukatar a duba gindin bututunsa da kyau, saboda gini kan zauna ya tsage bayan ruwa ya janye.

Ba a jiran ranar da aka sa idan aka ga hayaƙi na dawowa, ko wuta na wuyar kamawa, ko baƙin ruwa na tsiyaya daga gaɓa, ko ɓawo na faɗowa cikin murhu, ko burodi ya soma warin hayaƙi.

Rage Dauɗa Tun Daga Tushe

A faskara itace a jera shi a kan duwatsu inda rana da iska ke samunsa, a rufe samansa da damina. Busasshen itace ba shi da nauyi, bakinsa a tsattsage yake, idan aka gwara biyu sukan yi amo. Itace mai tauri kamar kirya da marke ya fi yin garwashi, amma ko darbejiyar da ta cika titunan Maiduguri, rassan da aka sassabe daga jikinta na ci da kyau idan sun bushe. A hura wuta mai harshe da ƙananan faskare, a bar mata iska. Bututu ya miƙe gwargwadon iko, ya ɗara rufi da aƙalla ƙafa 3. Bututun kwano mai bango ɗaya ya nisanci katako da zana da silin da aƙalla inci 18, watau santimita 45. Kada a kuskura a zuba kananzir ko fetur ko taya a murhu da nufin ƙone dauɗa. Wanda ya yi haka ya kunna gobara da hannunsa.

Idan Bututu Ya Kama Wuta

Alamunta su ne ruri kamar na babbar mota, da ƙarar fashe-fashe, da bututu ya yi ja, da harshen wuta ko tartsatsi a baki. A fitar da kowa waje, a fara da yara. A rufe bakin murhu da duk mashigar iska, a zuba yashi a kan wutar da ke ƙasa idan ana iya kusantarta. A kira 'yan kwana-kwana nan da nan, ko lambar gaggawa ta ƙasa, 112, a kuma sanar da maƙwabta. A jiƙa zana da rumfuna da tarin itacen da ke kusa. Kada a hau rufi, kada kuma a kwara ruwa cikin bututu mai zafi, domin tururi na iya fasa shi ya ƙone mai zubawa. Ko da wutar ta mutu da kanta, a duba cikin silin, kuma kada a sake amfani da bututun sai gwani ya bincika shi.

Kira Ga Jama'a

Kuɗin buroshi da igiya bai kai na itacen da toshewar bututu ke cinyewa a 'yan makonni ba, balle a kwatanta shi da asarar gida ko rai. Ana kira ga masu gidajen burodi da shugabannin makarantu da na asibitoci su sa ranar shara a rubuce, su ɗora wa mutum guda alhakinta. Ana roƙon hakimai da lawanai da bulamomi da masu unguwanni, tare da ma'aikatan duba-gari, su riƙa tunatar da jama'a kafin shigowar hunturu. Maƙwabta masu bututu iri ɗaya na iya haɗa kuɗi su sayi buroshi guda su riƙa karɓa-karɓa, matasa kuma na iya koyon wannan aiki ya zame musu sana'a. Wanda ya karanta wannan ɗan littafi ya karanta wa wanda bai iya ba. Rigakafi ya fi magani.